Ihu Biyu a Jinena

Turancin da na taho da shi daga Zariya bai yi mini amfani a Madina ba sai sau ɗaya, kuma wannan sau ɗayan har yau ban san ko amfani zan kira shi ba.

Na gama kwalejin horon malamai, na koyar shekara biyu, sannan mijina Malam Lawali ya samu gurbin karatu a Jami'ar Musulunci ya ɗauko ni. Muka kama ɗaki biyu a wajen masallacin Ƙiblatain, bayan wata gonar dabino. Shi ya fita da sassafe da littattafansa, ni in wuni da jaririya da wata fanka mai ƙarar tsiya. Matan unguwa 'yan uwanmu Hausawa, da waɗanda aka haifa a nan da waɗanda suka tsufa a nan, suka sa mini suna Ustaza. Ba don girmamawa ba ne, don sun kama ni ina karanta takardar da ke cikin kwalin magani. Ni kuwa ba na barin ta kwana, na ce da su ranar da wata ta shanye maganin ciwon ido za ta zo nemana da gudu. Daga ranar aka san ni.

Gida na uku daga namu shi ne na Iya Dumbulwa. Doguwar tsohuwa ce busasshiya, tana dama fura tana sayar wa alhazan da ke zuwa ziyarar masallaci. Kunnenta ya riga ya tafi. In kina so ta ji sai kin kafa baki a kunnenta na hagu kin yi kaurin murya kamar namiji. Siririn sauti kuwa, irin kukan yaro ko guɗa, ba ya shiga ko kaɗan. 'Ya'yanta maza biyu direbobi ne, jikokinta kuma ta yi musu Hausa su mayar mata da Larabci, ko da yake duk ɗaya ne a wurinta tunda ba ji take ba. Ita ta tsaya mini da na haihu, ita ta dafa mini ruwan wanka har na yi arba'in. Abu ɗaya kawai na lura da shi: duk ranar da ta shigo ta tarar ina guga, ba ta zama. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta gaishe ni ta juya. Na ɗauka zafin dutsen ne ba ta so.

Cikin goman ƙarshe na azumin shekarar 1979, bayan azahar, ta zo da kanta ta ce in biyo ta. Ta rufe ƙofar ɗakinta, ta durƙusa ta jawo wani abu daga ƙarƙashin gado: katako biyu a ɗaure da igiya, tsohon zani a tsakaninsu. Da ta warware sai ga faifan garmaho, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Faɗinsa ya kai farantin da ake zuba wa mutum shida shinkafa. A tsakiyarsa akwai takarda da ta yi ja don tsufa. Na duƙa na karanta abin da ya saura: na rundunar sojan Amurka ne, an yi shi don rediyon sojojinsu da ke ƙasashen waje. Sauran rubutun ya koɗe, sai wasu lambobi da ban kula da su ba.

“An ce mini kina jin Nasaranci,” in ji ta. “An kuma ce bakinki ba shi da linzami. Duka biyun nake so, ɗiyata. Zauna.”

Na zauna. Ta ba ni labarin idonta a kan faifan, da irin muryar kurame da ba ta hawa ba ta sauka.

Daga wani ƙauye a ƙasar Daura suka taso a ƙafa, ita da mijinta Malam Ashafa, da niyyar Makka. Tafiyar wancan zamani ba ta wata ba ce, ta shekaru ce: a yi noma damina ɗaya a wani gari, a tara guzuri, a ƙara gaba. A Fallomi ta ƙasar Cadi ta haifi 'yarta ta fari. Ba su isa Jinena a ƙasar Sudan ba sai da yarinyar ta shekara shida, lokacin babban yaƙin Turawa ya yi zafi. Amurkawa suna da sansani a gefen filin jirgi, jiragensu na sauka su sha mai su wuce gabas. Malam Ashafa ya samu aikin gangara durom, ita kuma wanki da guga. Teburin gugarta yana ƙarƙashin wata rumfa a bayan ɗakin cin abincinsu, a samanta kuma an kafa lasifika a kan dogon ice.

“Wuni take tana surutu,” in ji Iya. “Kiɗa, waƙa, wani ya yi magana a yi ta dariya. Amma akwai wanda suka fi so, sau ɗaya a mako. In za a sa shi har mai gyaran jirgi sai ya ajiye ƙarfensa. Sai ki ji ƙofa na kuka, ki ji takun mutum, ki ji wani kiɗa mai sa tsikar jiki. Can sai mace ta kurma ihu.”

Ranar da ta fara jin ihun nan, da dutsen guga a hannunta ta afka ɗakin cin abinci, tana salati, tana neman wadda ake yankawa. Sojoji suka yi ta dariya har wani ya faɗo daga kan benci. Kukunsu wani Babarbare ne mai jin Hausa, shi ya yi mata bayani cewa wasa ne, ƙage ne, ba kowa a cikin ƙarfen. Sannan ya shafe wata guda yana kwaikwayon gudunta duk lokacin da ta gifta. Labari ya kai zangon alhazai, Malam Ashafa ya ce ta ba shi kunya a gaban arna. Daga nan ta koya wa jikinta zama. Ihu ya tashi, ita ko ɗaga kai ba ta yi, har sojojin suka riƙa yaba mata.

“Ga shi kuma yarinyar nan ta fari ce,” ta ce. “Kin san mu. Ko faɗuwa ta yi a gabana, in da mutane, sai in kau da kai wata ta ɗaga ta. Sunanta ban taɓa kama shi da bakina ba. Ke, ko waccan, shi ke nan.”

Ko a lokacin da take ba ni labarin ba ta faɗi sunan ba. Ni ma ban tambaya ba.

Ranar sallarsu ta Kirsimeti aiki ya yi mata yawa, don kowane soja yana so ya sa kaki mai kari. Bayan sun ci abincin rana sai mai kula da rediyon ya sa musu wasan nan na ban tsoro, na musamman saboda bikin. Ruwan da take yayyafa wa kaya ya ƙare, ta miƙa wa yarinyar gwangwani ta ce ta ɗebo. Bayan shingen sansanin akwai busasshen rafi, mutane suna haƙa rijiyoyi a cikin yashinsa, ba gini ba komai, a sauka a ɗiba. Ba nisa, in an yi kira daga can ana ji.

“Ki riƙe yadda ya zo, don ni shekara talatin da shida ina bitarsa,” in ji Iya. Ta fara lanƙwasa yatsu. “Matar ta yi ihu. Ɗaya ke nan. Aka buga ƙofa sau uku. Kiɗan nan ya taso ya cika wuri. Sai aka yi tsit, ƙarfen na huci kawai, sojoji duk sun yi shiru suna jira. A cikin shirun nan sai na ji na biyu. Siriri, can ƙasa-ƙasa, kamar an rufe baki da zani. Gabana ya faɗi. Na ɗaga dutsen. Sai na hango kukun nan a bakin taga yana kallona, ya fara murmushi. Na mayar da dutsen kan kwalar rigar da nake gogewa. Kafin in gama kwalar kiɗa ya dawo, aka ci gaba.”

Ta gama rigar. Ta ɗauki wata ta gama. Sannan ta ga ruwa bai zo ba, ta tafi da niyyar faɗa. Ta tarar da gwangwanin a kan yashi, rijiyar kuma babu ita, gefenta ya rufta ya cike ta. Kafin la'asar aka tono yarinyar.

Na kafa baki a kunnenta na ce Allah ya sa mai ceto ce, irin maganar da ake yi in an rasa magana.

“Amin. Ba ta'aziyya na kira ki ba.” Ta ɗora tafinta a kan faifan. “Mai sa musu rediyon wani dogon baƙi ne, yana ba yarinyar alewa. Da za su tashi na sa kukun ya roƙar mini na ranar nan. Ya daɗe yana dubawa, ya ciro wannan ya ba ni, idonsa ya yi ja. Malam ya ce in jefar, wai bincike ne a kan hukuncin Allah. Na ce to. Na sa shi cikin kayan ɗaki. Fashir, Lubayya, Sawakin, jirgin ruwa, Jidda, yana nan. Bara waccan aka kai Malam makabartar Baƙi'a. Yanzu ba mai hana ni, amma kunnen ya riga ya tafi. Abu ɗaya nake so ki ji mini. Ihu nawa ne a ciki? In biyu ne, to duka na ƙarfen ne, yashi ya rufe ta ba ta samu ta kira kowa ba. In ɗaya ne…”

“In ɗaya ne fa, Iya?”

“To in sani. Na gaji da zama a tsakiya. Amma ki rantse mini ba ƙari ba ragi.”

Na rantse. Kuma gara in faɗi gaskiya tun yanzu: bakina na rantsuwa, zuciyata na lissafin kaffara. Na riga na yanke cewa in ɗaya na ji, biyu zan ce, in ciyar da miskinai goma daga baya. Wa zai dubi tsohuwa mai kusan saba'in ya ce mata 'yarki ta kira ki kin ƙi tashi?

Malam Lawali da na ce masa faifai, sai ya ɓata rai ya fara jawo mini babin kaɗe-kaɗe. Na bar shi ya gama, don in bai gama ba ba ya jin magana, sannan na ba shi labarin. Washegari ya dawo da labarin wani Abdulsalam, Bahaushen Sudan haifaffen Mai Wurno, mai shagon gyaran rediyo a unguwar Aƙiƙ. Abdulsalam ya zo ya ga faifan, ya auna shi da taƙi, ya girgiza kai. Ya ce ba na'urar da ke kasuwa da zai zauna a kanta, hannun allurar zai tokare shi. Sai dai ya kwance hannun ya dasa shi a kan katako daga gefe, shi kuma ba shi da lokacin wannan sai ya rufe shago da salla.

Ran uku ga salla, da hantsi, aka kwashi jikoki aka tafi gaisuwa unguwar Al-Khalidiyya. Iya ta ce ƙafarta na ciwo. Gidan ya rage daga ita sai mu. Zafin ranar irin wanda ke nunar da dabino ne, an rufe tagogin katako, ɗakin ya yi duhu-duhu sai 'yan layukan haske a kan tabarma. Abdulsalam ya ce a kashe fanka don kada ta cinye sautin. Malam Lawali ya karɓi jaririyar ya zauna a zaure, wai shi ba zai saurari kiɗa ba, amma ya bar ƙofa a buɗe. Na ja gyalena na zauna a hagun Iya.

Abdulsalam ya goge faifan da auduga, ya ɗora shi. Ya ɗan karkace, yana juyawa yana hawa yana sauka a hankali.

“Ya Hajja, halas, na gama, a sa?” ya tambaya da ƙarfi. Ba ta ji ba, amma ta ga bakinsa. Ta miƙa hannu ta dafa ƙyallen da ke gaban lasifikar.

Da farko ƙaras-ƙaras ne kawai, kamar ana soya gyaɗa a ɗaki na gaba. Sai wani mutum ya yi magana, tangaram, kamar yana zaune a kan gadon Iya. Murya ce mai fara'a, yana gaida samarinsu da ke nesa da gida, waɗanda ke cikin dusar ƙanƙara da waɗanda ke cikin rairayi, yana cewa iyayenku mata sun ajiye muku kujera a teburi yau. Na tuna cewa wataƙila shi da yawancin waɗanda yake gaisarwa sun daɗe a ƙasa. Ga shi a Madina ran salla yana yi wa bangon wata tsohuwa barka da biki.

Sannan kiɗan ya taso, mai kauri, mai nishi. Yatsun Iya suka motsa a kan ƙyallen.

“Shi ne,” ta ce. “Wannan ina jin shi a hannu.”

Na riƙa kafa baki a kunnenta ina ba ta abin da ake ciki, ko da yake Turancinsu ta hanci yake fita, rabi nake kamawa. Labarin wata budurwa ce da ta je hutun biki gidan kawunta mai gyaran agogo, ta tarar ba ya nan, sai wani baƙo da ya ce shi almajirinsa ne. Agogunan gidan duk an tsayar da su a kan lokaci ɗaya. Akwai wani dogon agogo a ƙarƙashin bene, mai ƙofa kamar kabad, baƙon ya ce kada ta taɓa shi.

“Bar ni da agogo,” in ji Iya. “Ƙirga mini kawai.”

Na yi shiru na bar kunnena a buɗe. Takun ƙafa a kan katako. Numfashin yarinyar. Ƙofar agogon ta yi kuka a hankali. Na san zai zo, duk da haka da ya zo sai da na zabura. Ihu ne mai tsawo, mai tsaga kai, ya cika ɗakin ya fita zaure, har na ji jaririyata ta farka. Iya ba ta ji komai ba. Fuskata take kallo.

Na ɗaga yatsa ɗaya.

Aka buga ƙofa. Ɗaya, biyu, uku. Wannan ta ji shi a tafinta, na ga leɓenta na ƙirgawa. Kiɗan ya taso ya cika wuri, daidai yadda ta faɗa mini, ba ta manta ko ɗigo ba. Ya lafa. Na riƙe numfashi ina jiran siririn ihun, ina roƙon Allah ya fito, don kada in yi ƙarya bayan rantsuwa kwana uku da gama azumi.

Ba abin da ya fito. Allurar ta isa ƙarshen zanen, ta shiga zagaye a wuri ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas.

“Juya shi,” na ce da Abdulsalam. “Ai sauran na baya.”

Ya juya. Bayan ba labarin agogo ba ne. Wasu mata ne ke waƙa da ƙaho da ganga, wani na tsoma baki da barkwanci, taro na tafi. Muka zauna muka sha wannan har ƙarshe, kusan minti sha biyar, gumi na bin bayana, ba ihu ba alamarsa. Iya ta janye hannunta tun da wuri, ta ce wannan ba shi ba ne.

Abdulsalam ya ɗauke faifan ya kai shi wurin hasken taga, ya daɗe yana duban takardar. Sai ya yi dariya kaɗan.

“Ya Ustaza, duba hina, nan. Wannan lambar, ɗaya. Wannan kuma, biyu. Ɗaya cikin biyu ke nan. Na taɓa ganin irinsa wajen wani tsoho da ya yi aikin iza'a, gidan rediyo, a Umdurman. Wasan rabin sa'a ne, fuska ɗaya ba ta ɗaukar fiye da rubu'i. To ba sa sa ragowar a baya, a wani faifan dabam suke sawa. Hajja rabin labari aka ba ta. Nus bas.”

Wallahi ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Ga mafita, kuma ta gaskiya, ba ƙarya ba kaffara. Na rungumo kafaɗar Iya na kafa baki a kunnenta, har ina tuntuɓe da kalmomi don ɗoki.

“Iya, ɗaya ne a nan, amma wannan rabi ne! Labarin bai ƙare ba. Daga inda kiɗan nan ya tsaya faifan ya ƙare, sai an cire shi an ɗora na biyu. Sauran yana can a ɗaya faifan da ba a ba ki ba. Ihu na biyu yana ciki, ai wasan ban tsoro ba ya tsayawa a ihu ɗaya. Kin ji? Yana can!”

Na ja da baya ina jiran in ga fuskarta ta saki. Ba ta saki ba. Ta dubi faifan a hannun Abdulsalam, ta dubi na'urar.

“Maimaita,” ta ce. “Daga ina ya ƙare?”

“Daga bayan bugun ƙofa. Kiɗa ya taso, ya lafa, shi ke nan.”

“Sai a cire a sa wani.”

“Ƙwarai.”

“Tambaye shi, in ana cirewa ana sawa, me ke fita daga ƙarfen?”

Ban gane inda ta dosa ba, Allah ya sani. Na tambaye shi da fara'ata. Ya ce manyan tashoshi na'ura biyu gare su, wannan na ƙarewa waccan na kamawa, ba a jin giɓi. Na faɗa mata.

“Mai sa musu rediyon ɗaya gare shi,” in ji Iya. “Ni ke kai masa rigunansa har ɗakin. Ɗaya ce, a kan akwatin harsashi.”

Abdulsalam ya buɗe baki zai amsa, sai na ga ya tsaya. Ya dube ni. A lokacin ne maganarta ta cikin azumi ta dawo mini, da yatsunta da take lanƙwasawa: sai aka yi tsit, ƙarfen na huci kawai. Ni da na ji ta na ɗauka shirun na cikin wasan ne, irin wanda suke yi don su ja ran mai sauraro. Ita ma haka ta ɗauka shekara talatin da shida. Ashe ba wasa a cikinsa. Dogon sojan ne ya ɗaga allura yana neman faifai na biyu, kuma a tsakanin nan babu abin da zai iya fitowa daga lasifika.

“Faɗa mini abin da ya ce,” in ji Iya.

Na so in yi ƙaryar da na shirya, amma ba ta da sauran wurin shiga. Ni da bakina na toshe ta. Na kafa leɓena a kunnenta.

“Ba komai, Iya. Huci kawai.”

“Na tsawon me?”

Abdulsalam ya ce kamar minti ɗaya, in mutum ya saba. Na faɗa mata. Ta gyaɗa kai.

“Kwalar riga ɗaya,” ta ce.

Na fashe da kuka. Na ce ta yafe mini, na ce wataƙila tsuntsu ne, wataƙila wata ce a zango, na manta ma ban sa baki a kunnenta ba, iska nake yi wa magana. Ita ko hawaye babu. Ta gyara zamanta, ta gyara ɗankwalinta kamar mai jiran baƙi.

“Ashe ta kira ni,” ta ce. Ta ƙara faɗa a hankali. “Ashe ta samu ta kira.” Sannan ta nuna wa Abdulsalam na'urar. “Mayar da shi, ɗana. Daga wajen ƙofar nan.”

Ya dube ni, na ɗaga masa kai. Ya ɗora allurar kusa da ƙarshe. Iya ta mayar da tafinta kan ƙyallen, ta rufe ido. Ihun ya sake tsaga ɗakin, ita ba ta motsa ba. Bugu uku. Kiɗa ya taso a ƙarƙashin hannunta, ya lafa, ya mutu. Abdulsalam ya ɗaga allurar. Lasifikar ta ci gaba da huci, wani siririn huci da ban lura da shi ba a karon farko. Ba fanka, ba motsi a zaure, ko jaririyar ta yi tsit. Na rantse a cikin shirun nan na kasa kunne, ni ma, wajen bangon da ke bayanmu, kamar akwai rafi a can.

Iya ta janye hannunta. Ta dafa gwiwa ta miƙe tsaye, ƙafar da ta ce tana ciwo ko ɗingishi ba ta yi ba. Ta juya wajen tagar da ke rufe, ta ɗaga murya yadda ban taɓa jin ta ɗaga ba.

“Na'am, Fatna! Na ji ki. Ga ni nan.”

Ranar na fara jin sunan. Daga baya na tambayi babban ɗanta, ya ce shi bai ma san an yi wata kafin shi ba.

Ta ba Abdulsalam faifan ta ce ya yi yadda ya ga dama da shi, ta gama. Ta shekara uku bayan haka tana dama furarta, kuma takan shigo ta tarar ina guga ta zauna, har ta gyara mini yadda ake kwantar da kwala. Sunan kuwa ya zauna a bakinta. In za ta faɗi wani abu na da, sai ta ce shekarar da Fatna ta yi haƙori, ko garin da Fatna ta fara tafiya, jikokin su dubi juna.

Ni kam abin bai sake ni ba. Jaririyar da ke hannun Malam Lawali a zaure ran nan ita ce ta fari a wurina, kuma sunanta nake kira gatsau, a gaban surukai, a gaban kowa. Da muka koma Zariya an yi ta zunɗena a kan haka, na ce su yi. Har yau in ina cikin aiki na ji ƙarar yaro, ko daga rediyo ne, ko daga gidan maƙwabta, ko na san sarai wasa suke, sai na ajiye abin da ke hannuna na fita na duba. Na ƙona riguna da yawa a haka. 'Ya'yana suna yi mini dariya, ni kuma ina barin su su yi.